Ƙishirwar Goggo Hajo

Ruwan da aka tafka a Daura cikin damunar shekarar nan, ko tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Ya kayar da katangu, ya cika masai har suka tumbatsa, ƙazantar ta bi lungu-lungu ta gangara cikin rijiyoyin gidaje. Can bayan gari kuma ambaliya ta zaizaye ƙasa ta ɓalle babban bututun da ke kawo ruwan famfo. Aka wayi gari ga ruwa ko'ina kwance, amma babu na sha.

Goggo Hajo ba ta ga ko ɗaya daga cikin wannan da idonta ba. Tun da ɓarin jikinta na hagu ya shanye, duniyarta ta koma ɗaki guda a ƙuryar gidan Abdulrazak, ɗan ƙanenta, dab da turken awaki. Ita ta raine shi tun da uwarsa ta rasu ta bar shi yana rarrafe, shi ya sa har gobe 'yan unguwarsu ta wajen Kusugu ba su san shi da wani suna ba sai Nagoggo. A wajen aiki ne ake ce masa Injiniya, don yana cikin manya a ofishin ruwa.

Labarin gari yana iso ta ne ta rediyon da Haulatu, matar gidan, ke kunnawa a tsakar gida. A nan Goggo ta ji muryar Nagoggo wata safiya, ta ɗaga kai daga filo.

"Mu ma'aikatan ruwa na wannan yanki," in ji muryar, "tun ba yau ba muka yi alkawari a tsakaninmu, duk garin da masifa ta faɗa wa, sauran za su kawo ɗauki. To alhamdu lillahi, 'yan'uwanmu na Zango sun turo tankoki da maganin tsaftace ruwa. Na Sandamu sun ba mu aron janareto da makanikansu da tanka. Roƙona ga jama'a, kada kowa ya sha ruwan rijiya. Wanda duk aka ga yana amai da gudawa, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɓoye shi, don Allah."

"Allah ya yi maka albarka, Nagoggo," ta faɗa da karkataccen bakinta. Babu wanda ya amsa sai akuya.

Tankar ta fara shigowa unguwar. Goggo tana jin rurin injinta, da ƙarar bokitai, da muryoyin 'yan agaji suna raba layi, maza nan, mata can, kamar yadda aka saba tun da aka ƙaddamar da shari'a. In an gama da jama'a, sai a zuro tiyo ta kan katanga a cika baƙin tankin da ke tsakar gidan Injiniya. Da maƙwabta suka fara sallama da jarkoki suna roƙo, Haulatu ta sayo kwaɗo ta rataya wa famfon tankin, ta ɗaure makullin a haɓar zanenta.

Rabon Goggo ya zama buta ɗaya da safe. A ciki za ta sha, a ciki za ta yi alwala, a ciki za ta yi tsarki. Ga shi tun da ciwon ya same ta fitsari ba ya yi mata sallama.

"Haulatu," ta kira wata rana da hantsi. Sai da ta kira ta sake kira kafin inuwa ta tsaya a bakin ƙofa. "Butar ta ƙare."

"Tun yanzu, Goggo? Ko azahar ba a yi ba fa."

"Tsarki na yi."

"To ki riƙa yin taimama mana. Jiya ma malam ya faɗa a rediyo, in ruwa ya yi wuya taimama ta wadatar."

"Taimama ba ta kashe ƙishirwa, 'yar nan."

Haulatu ta gyara tsayuwa. Ba da faɗa ta yi maganar ba, da lallami ta yi ta, kamar mai yi wa yaro bayani.

"Goggo, wallahi ba rowa ba ce. Ba mu san ranar da tankar nan za ta daina zuwa ba. Ga girki, ga yara, ga baƙin maigida kullum. Sannan ke ma kin sani, in kin sha da yawa shimfiɗa za ki jiƙa. In kin jiƙa, da wane ruwan za a wanke? Don lafiyarki nake yi."

Ta tafi. Goggo ta bi bayanta da ido har inuwar ta ɓace.

Zannuwanta suka taru a lungun ɗaki, warin yana tashi in rana ta take. Amatullah, babbar 'yar gidan, wadda Goggo ta goya a bayanta kamar yadda ta goya ubanta, ita ke kawo abinci. Takan toshe hanci da gefen hijabi, ta dire kwanon a bakin ƙofa, ta tura shi ciki da ƙafa.

"Amatu, ɗan sammin ruwa a moɗa."

"Makullin na wajen Umma."

"To zo ki zauna, ki ba ni labarin makaranta."

"Ina da aiki, Goggo."

Tuwon yakan kwana a kwano. Ba ƙoshi ke hana ta ci ba, maƙogwaron ne ya bushe, lomar ba ta wucewa.

Nagoggo kuwa ya zama baƙo a gidansa. Yakan shigo a gurguje ya sake riga, waya manne a kunne, yana magana da Zango, yana magana da Sandamu. Wata rana ya leƙo ta, bai shiga ba, takalminsa duk taɓo.

"Goggo, ya jiki?"

Zuciyarta ta yi sanyi da ganinsa. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Har ta ji nauyin ta ɗora masa wani kaya.

"Da sauƙi. Nagoggo, ruwa..."

"Ai a kansa muke ta fama, Goggo. Gari gaba ɗaya. Ki dai sa mu a addu'a."

"Ni nake nufi. Ni ce nake jin ƙishirwa."

Ya sauke wayar daga kunne, ya dubi butar, ya dubi tarin zannuwan, ya kawar da kai da sauri.

"Zan yi wa Haulatu magana."

Ya kuwa yi. Goggo tana jin su a tsakar gida. Haulatu ta lissafa masa baƙinsa da girkinsu da wankin kayansa, ta ce in yana ganin ba ta iya ba, ga makulli ya riƙe. Ya ce shi yanzu ruwan dubban mutane ne a wuyansa, ba zai tsaya rabon buta ba, harkar cikin gida tata ce, ta dai yi adalci. Wayarsa ta yi ƙara, ya fita. Ranar aka ƙara wa Goggo rabin moɗa. Washegari aka manta.

Makanikan Zango da na Sandamu a gidan suke cin abincin rana. Ana shimfiɗa musu tabarma a zaure, a kai musu ruwan wanke hannu da na alwala da na sha mai sanyi daga randa. Goggo tana jin dariyarsu, tana jin suna ce wa juna ai mu 'yan'uwa ne, yau ku gobe mu. In sun tafi Amatullah ta wanke kwanuka, ruwan wankin ya biyo rariya ya wuce ta gaban ƙofar Goggo yana sheƙi. Takan zuba masa ido har ya fice ta ƙarƙashin katanga.

Ranar da abin ya faru, Haulatu ta tafi suna da yaran duka, makulli a haɓar zanenta. Da safe Goggo ta kai hannu za ta ɗauki buta, hannun ya yi rawa, butar ta kife. Ta ga ƙasa tana shanye rabonta na yini.

Hadari ya janye, rana ta buɗe da irin zafin nan na bayan ruwa. Kwanon rufin ɗakin ya ɗauki wuta. Ta yi kira ko maƙwabta za su ji, muryar ba ta wuce turken awaki ba. Harshenta ya yi kauri ya manne a dasashi. Ta ja carbi, ta rasa inda ta tsaya. Ta rufe ido, ta buɗe.

Daga inda take kwance tana hango rijiyar gidan, da kwatarniyar da ke gindinta, wadda ake zuba wa awaki ruwan rijiyar a ciki.

Ta san abin da ya faɗa a rediyo. Kalma-kalma ta riƙe shi, don ɗanta ne ya faɗa. Ta juya fuska ga bango ta daɗe a haka. Can ta dafa ƙasa da hannun dama, ta sauko daga katifa, ta fara jan jiki. Ƙafar hagu tana biyo ta a baya kamar ba tata ba. Ƙasar tsakar gida ta ƙona mata gwiwar hannu, ta huta, ta ci gaba. Da ta isa, akuya ta matsa mata. Ruwan ya yi kore-kore, ga ɗan wari. Ta kore tarkacen da ke sama da bayan hannu, ta yi bisimilla, ta kafa baki.

Ta sha har sai da cikinta ya ɗauka. Rabon da ta ji daɗi irin wannan har ta manta. Sannan ta ja jiki ta koma ɗaki.

Kafin gari ya sake wayewa ciki ya murɗa. Gudawa ta ɓalle, fara sol kamar ruwan wankin shinkafa, amai na biye. Haulatu ta leƙo da buta, ta ga abin da ta gani, ta yi salati ta ja da baya. Ta ga sawun jan jiki daga ƙofa har gindin rijiya. Ta kira mijinta a waya.

A bakin ƙofar ɗakin suka tsaya, suna magana ƙasa-ƙasa. Sun ɗauka ba ta ji.

"Abban Amatu, cutar nan ce. A kai ta asibiti tun kafin ta kama mana yara."

"Wane asibitin? Kin san su wa ke can? Mutanen da muke zama da su kullum a kwamiti. Ga 'yan jarida na zarya. So kike a ce a gidan Injiniya aka sha ruwan rijiya, ga tanki cike a tsakar gida? In aka tambaye ni yadda aka yi, in ce me?"

Haulatu ta dubi tankin. Hannunta ya kai kan haɓar zane.

"Gobe manya za su zo daga Katsina duba aikin," ya ci gaba. "Mutanen nan sun bar garuruwansu sun zo don sun yarda da ni. In maganar nan ta fita, ba ni kaɗai za ta taɓa ba. Kuma wa ya ce miki ita ce? Ɓacin ciki ne na tsufa. Zan aiko da magani daga kemis. Ki haɗa mata ruwan gishiri da sukari. Yara kada su matso nan."

Sannan ya sa kai cikin ɗakin, hankici a hanci.

"Haba Goggo, me ya kai ki? Ba ki ji abin da na faɗa a rediyo ba?"

Ta dube shi. Idanunta sun riga sun faɗa ciki.

"Na ji," ta ce.

Ya saki labule.

Haulatu ta haɗa ruwan gishiri da sukari a kofi, ta miƙo hannu daga waje ta ajiye, ta jawo ƙofa. A gefen hagu ta ajiye shi. Goggo ta yi ta miƙa hannun dama ta saman ƙirjinta, yatsun suna taɓa iska. Da ta yunƙura ta juya, ƙafafunta suka ɗaure da wani irin ciwo, ta koma ta kwanta. Kofin yana nan tana kallonsa, ƙuda suna sauka a bakinsa. Maganin kemis bai zo ba. Manyan Katsina sun zo, an zagaya da su.

Washegari da hantsi ta ji tanka ta tsaya a bayan katanga. Ɗakinta yana da 'yar taga mai kallon lungu. Ta tattara abin da ya rage mata na murya.

"Bawan Allah... bawan Allah..."

Direban tankar Sandamu ne, wani dogo mai suna Kalilu, yana jan tiyo. Ya tsaya ya kasa kunne, ya matso ya leƙa. Warin ya buge shi, amma bai ja da baya ba.

"Subhanallahi. Iya, lafiya?"

"Ruwa."

Ya ruga mota ya ɗauko gorarsa, ya cika, ya zuro hannu ta tagar har kafaɗa. Ta kama da hannun dama, rabi a baki rabi a wuya. Ruwa mai sanyi, mai ɗan ƙamshin magani. Bai daɗe a cikinta ba ya dawo, amma ta sake sha.

"Daga ina kake, ɗan nan?"

"Sandamu, Iya."

"Ka sha hanya. Allah ya shayar da kai."

Ta ji takunsa ya zagaya, ta ji sallamarsa a zaure, ta ji Haulatu ta amsa daga bayan labule.

"Hajiya, na ga akwai mara lafiya a ɗakin baya. Jikin nan ya yi tsanani. In babu damuwa a sa ta a gaban mota, asibiti a kan hanyata yake."

"Ayya, mun gode. Tsohuwa ce, ta ɗan ruɗe, haka take kiran duk wanda ya wuce. Tana shan magani. Injiniya ya san da zancen."

"Amma Hajiya..."

"Ka kira shi mana in kana shakka."

Kalilu bai kira shi ba. Gidan Injiniya ne, shi kuwa baƙo ne da aka aro, ga mata can a wata unguwa sun jera bokitai tun asuba suna jiransa. Goggo ta ji an naɗe tiyo. Ta ji injin ya tashi, ya yi nisa, ya ɓace. Gorar ya bar mata. Ta rungume ta a ƙirji.

Daga nan ba ta ƙara kiran kowa ba. Tana jin gidan yana harkarsa ta bayan ƙofa, ana daka, ana dariya, ana kiran yara su zo su yi wanka. Babu wanda ya ambaci sunanta. Ba ta ji haushin Nagoggo ba, ta nema a zuciyarta ta rasa. Abin da take so kawai ya zo ya zauna a bakin katifa ya ajiye wayar nan, ko bai ce komai ba. Da ta ji kiran azahar ta buga tafin dama a bango, ta shafa a fuska, ta yi salla da ido.

Wajen la'asar wani ihu ya tashi daga bakin titi ya biyo lungu. Yara ne ke gudu suna kururuwa.

"An kawo ruwa! An kawo ruwa!"

Famfon tsakar gida ya yi tari, ya fesar da iska, ya kece da zuba. Mata suka rangaɗa guɗa a maƙwabta. Amatullah tana tsalle tana kiran Umma ta zo ta gani. Goggo ta ji duka. Leɓɓanta suka motsa, wataƙila albarka take sa wa Nagoggo.

Sai da Haulatu ta tura ƙofa da butar safe aka san Goggo ta cika.

Kafin hantsi ƙofar gida ta cika da mutane. Ma'aikatan Zango da na Sandamu, waɗanda suka ɗaure kayansu za su koma gida, suka fasa tafiya suka zauna a tabarma. Wani dattijo a cikinsu ya riƙe hannun Nagoggo da hannu biyu.

"Injiniya, sai yanzu muke jin ashe da mara lafiya a gida kake ta wannan ɗawainiya, ko a fuska ba ka nuna ba. Ka bar taka kwance ka tsaya wa jama'a. Irinku kaɗan ne."

Nagoggo ya sunkuyar da kai, hawaye na gaske suna ɗiga a rigarsa.

"Uwata ce," ya ce. "Ban san wata uwa ba sai ita. Tsufa ne, lokaci ya yi."

Aka yi ta Allah ya jiƙanta. Kalilu yana can ƙarshen tabarma, kansa a ƙasa. Bai ce komai ba, a lokacin ko bayan nan.

A cikin gida kuwa an kira Talatu, maƙwabciyar da ke yi wa matan unguwa wankan gawa. Haulatu ta cire kwaɗon da hannunta, ta buɗe famfon tanki har ƙarshe.

"A cika baho. A cika manyan bokitan nan duka. Kada a yi wa Goggo ƙwauro."

Talatu ta shiga ɗakin ta yaye zanen da aka rufa. Ta daɗe a tsaye. Ta ga tarin tsumma a lungu, ta ga kofin da ƙuda suka mutu a ciki, ta ga fatar da ta manne a ƙashi. Leɓɓan sun tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Sai da ta ɓamɓare yatsun kafin ta iya zare gorar daga ƙirjinta.

Ta fito ta nemi maganin tsaftace ruwa, ta ce ita da masu taya ta suna da 'ya'ya su ma. Haulatu ba ta tambayi dalili ba. Ta shiga ɗaki ta fito da shi, kwali guda ko buɗewa ba a yi ba.

Talatu ta durƙusa. Kafin ta fara komai ta tsoma yatsu a ruwa ta shafa a kan leɓɓan nan, ta sake tsomawa ta shafa. Sannan suka yi mata wanka, a hankali, har suka gama. Ruwan ya cika rariya ya fita lungu.

Suna naɗe likkafani sai ga Amatullah a bakin ƙofa, tana nishi da wani cikakken bokiti, idanunta sun kumbura.

"Umma ta ce ga ƙari, wai ko bai isa ba."

Talatu ba ta ɗago ba. Ta ja ƙullin ƙarshe ta ɗaure.

"Mayar mata," ta ce. "Ki ce Goggo ta gode. Ta daina jin ƙishirwa."